Sauya Eriya a Na'urar Aika Saƙo ta Gida: Abin Lura ga Masu Gyara

A wannan takarda za mu taɓo wani aiki da ake rainawa, wato sauya eriya. A gari irin Ruwan Godiya ta ƙasar Faskari, wanda ke son saƙo ya yi nisa yakan ɗaga eriya bisa doguwar gora, kuma a nan ɓarnar take farawa.

Da farko dai, wajibi ne a kashe na'ura kafin a kwance eriya. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin da take fitarwa, in bai sami mafita ba, komawa yake yi cikinta, har ya iya ƙona ta. Sa'an nan a duba zango: eriyar da aka ƙera domin megahaz 900 ba ta dace da na'urar gigahaz 2.4 ba, ko da bakinsu ya hau. Haka nan wayar talabijin mai om 75 ce, alhali waɗannan na'urori 50 suke bukata. A ganinmu, arhar wannan waya ce ke yaudarar masu gyara.

Da damina kuwa, kada a hau rufi hadari na tasowa. A nisanta gorar daga wayar lantarki, a kuma binne mata wayar ƙasa saboda tsawa.