Yadda kwamfuta ke gane ƙarshen sakin layi

Ɗalibin da ya zauna a Gummi ko Bukkuyum domin rubuta tarihin garinsu a shafin Wikipedia na Hausa zai iya cin karo da abin mamaki: ya raba bayaninsa daki-daki, amma da ya adana sai ya tarar duk ya cure wuri guda.

Ba matsala na'urar ta samu ba, ƙa'ida ce take bi.

A tsarin rubutun alamomi na MediaWiki, wato manhajar da Wikipedia ke aiki da ita, danna maɓallin sauka layi sau ɗaya ba ya nufin magana ta ƙare. Manhajar kan ɗauke shi tamkar 'yar tazarar da ke tsakanin kalmomi biyu, ta haɗe layukan.

Sai marubuci ya danna sau biyu, ya bar layi guda babu komai a cikinsa, sannan za ta buɗe sabon sakin layi.

Asalin ƙa'idar

Wannan dabara ta girmi intanet ɗin da muka sani. Tsarin TeX, wanda masanin lissafi Donald Knuth na Amurka ya fitar a shekarar 1978, da ita yake aiki. Haka ma Markdown da John Gruber ya ɓullo da shi a 2004.

Dalili kuwa shi ne allunan kwamfutocin da ba sa ɗaukar fiye da haruffa 80 a layi. Dole mai rubutu ya riƙa karya jimla a tsakiya yana sauka ƙasa. Da a ce kowace sauka ana lissafa ta ƙarshen magana, da jimla ɗaya ta tsinke gida uku ko huɗu. Shi ya sa aka nemi wata alama dabam wadda ido zai gani, na'ura ma ta gane.

Magabatanmu masu rubuta Alƙur'ani da hannu sun san irin wannan buƙata: ƙarshen layi a takarda ba shi ne ƙarshen aya ba, don haka suke sanya ɗigo uku a inda ta tsaya.

Inda gizo ke saƙar

Ƙa'idar ta dace da zube, amma tana yi wa waƙa illa. Wanda ya jera ɗangogin rubutacciyar waƙa, kowanne a layinsa, zai ga sun koma jimla ɗaya doguwa, amsa-amon ya ɓace a tsakiya. Sai ya kewaye baitin da alamar da aka tanada musamman domin waƙoƙi kafin ya tsaya yadda marubucin ya tsara shi.

Haka abin yake ga mai jera sunayen sarakunan Zamfara na Anka. Maganinsa shi ne tauraro a farkon kowane suna, domin tauraro na shaida wa manhajar cewa sakin layi ya ƙare, jeri ya fara.

Tarkon da ya fi kama sababbin marubuta shi ne ɗabi'ar da aka koya mana tun firamare, ta matsar da kalmar farko ciki kaɗan. A Wikipedia, layin da ya fara da tazara kan faɗa cikin wani akwati, da haruffa irin na tafireta.

Tun 2013 Wikipedia ta fara samar da wata hanyar gyara wadda ke saka waɗannan alamomi da kanta. Sai dai a ƙarƙashinta, layin nan da babu komai a cikinsa shi ne har yanzu ke raba sakin layi da ɗan'uwansa.