Yadda Saƙon Magani Ke Shiga Ƙwayar Halitta

Da aka fara rigakafin korona a Najeriya a watan Maris na 2021, tambaya ɗaya ta yi ta yawo a majalisun Agege da Idi-Araba: me wannan allura ke yi a cikin jiki? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta za ta amfane mu nan gaba.

Jikinmu ya ginu ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace a lulluɓe da tantanin maiƙo. Wasu sababbin magunguna saƙo ne na DNA ko RNA, wato umarnin da ke gaya wa ƙwaya irin furotin da za ta haɗa. Saƙon ba ya iya ratsa tantanin shi kaɗai, don haka sai an nemo masa ɗan dako, kamar yadda buhun albasa ba ya kai kansa cikin kasuwar Mile 12.

Cikin 'yan dakon da ake nazari akwai feftayid, wato guntun zaren furotin. A 1988 masana suka lura cewa wani furotin mai suna Tat na iya kutsawa cikin ƙwaya, daga nan aka fara ƙera irinsa. Feftayid yakan dunƙule saƙon ya manne wa tantani, sai tantanin ya lotsa ya haɗiye shi cikin 'yar jaka. A nan gizo ke saƙa, domin jakar kan yi tsami ta narkar da yawancin kayan, kaɗan ne ke kuɓuta ya yi aiki. Shi ya sa akasarin wannan hanya na matakin bincike har yanzu.

Alluran korona na Pfizer da Moderna kuwa, ƙwallon maiƙo suka yi amfani da shi a matsayin ɗan dako. Saƙonsu ba ya shiga cibiyar ƙwaya inda DNA ɗin da muka gada yake, kuma jiki kan rushe shi bayan ɗan lokaci.

Batun kai saƙon magani cikin ƙwaya ya shafe mu, tunda Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila. A 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila ta hanyar gyaran DNA, sai dai tsadarsa ta haura dala miliyan 2.

Kafin irinsa ya iso gare mu, mu yi gwajin jini kafin aure. Mu kai tambayoyinmu asibiti ko Gidauniyar Sikila ta Najeriya da ke Idi-Araba, kuma kada mu sayi maganin da NAFDAC ba ta yi wa rajista ba.