JIRGIN SU A TEKU: ARZIKI NE KO ƊAWAINIYA?

Wanda ya tsaya a kan gadar Elmina, a bakin tekun ƙasar Gana, da hantsi cikin watan Agusta, zai rantse babu mai arziki kamar mai jirgin su. Jirage suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tutocinsa da sunansa rubuce a jiki, mata kuwa sun yi cincirindo da manyan darurruka suna jira. Tun ba a ɗaure jirgi ba an fara ciniki. Da yawa cikin 'yan'uwanmu mazauna zango a Sekondi da Tema da Akara, wadda mutanen zango ke kira Ankara, sun ga irin wannan. Har waɗansu sukan yi tunanin zuba ɗan abin da suka tara a ciki, kamar yadda mutum ke sayen motar haya ya ba direba. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan wata mu zauna mu yi lissafin abin tare, gama kuɗin da za a zuba na iyali ne, in ya nutse kuwa ba mai gida kaɗai zai ji a jikinsa ba.

Ba irin na kogi ba ne

Mai karatu wanda ya san kwale-kwalen Sarkawa a Yawuri ko na masuntan Baga, to ya ajiye wannan hoto a gefe. Babban jirgin su na Fante yakan kai ƙafa 50 zuwa 60, yana ɗaukar mutum 15 zuwa 20. Daga gungumen itace guda ake sassaƙa gindinsa, itacen da mutanen Gana ke kira wawa, a Nijeriya kuwa obece. A can cikin kurmi masassaƙa ke fafe shi, a ɗora a babbar mota a kawo bakin teku, sa'an nan kafintoci su ƙara masa katako a gefe don ya yi zurfi. Manyan itatuwan wawa sun yi ƙaranci yanzu, don haka kuɗin gungumen sai hawa yake yi.

Amma jirgin kansa kashi ɗaya ne cikin uku. Na biyu shi ne inji. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 masuntan Gana suka fara ɗaura inji a jirgi maimakon filafili da tanti na iska, yau kuwa wanda aka fi sani shi ne Yamaha mai ƙarfin doki 40. Na uku shi ne taru. Babban tarun da ake kewaye garken kifi da shi, a tsuke bakinsa daga ƙasa kamar jaka, suna kiransa watsa, sau da yawa kuwa kuɗinsa yakan fi na jirgin. Mutumin da ya sayi jirgi ya tsaya nan, ya sayi sirdi ne babu doki.

Daɗin abin

Kada mu rage wa sana'ar nan darajarta. A yawancin garuruwan Fante, in jirgi ya komo, sai a fara cire kuɗin mai da abinci, abin da ya rage a raba biyu. Rabi na ma'aikata ne, su raba tsakaninsu, rabi kuwa na jirgi da inji da taru, wato na mai su. Yadda ake rabon yakan bambanta daga gari zuwa gari, amma ko'ina mai jirgi ne ke da babban kaso. In Allah ya ba da sa'a aka yi 'yan makonni ana cika jirgi, abin da zai samu ya fi na ɗan albashi nesa ba kusa ba. Gidaje da yawa na siminti a Elmina da Mori da kuɗin kifi aka gina su, da shi kuma aka biya kuɗin makarantar yara.

Sa'an nan gidan mai jirgi ba ya rasa na miya. A Gana kusan kashi 60 cikin 100 na abin da mutane ke ci dangin nama kifi ne, don haka kasuwa ba ta mutuwa. 'Yan'uwa da ƙanne da 'ya'yan ƙanne suna samun aikin yi. Mai jirgi mutum ne da ake jin maganarsa a gaban sarkin masunta, wanda Fante ke kira apofohene, shi ne mai yanke shari'a a bakin ruwa. In kifi ya yi nisa, jirgi yana iya binsa. Fante sun daɗe suna zuwa su a gaɓar Kwaddibuwa da Laberiya, su yi watanni ko shekaru su komo.

Amma a ganinmu babbar ribar tana hannun mata. Namiji ke kamo kifi, mace ke mai da shi kuɗi. Ita ce mai saye a bakin ruwa, mai banda, mai kai wa kasuwa. A 1969 aka ƙirƙiro wani irin murhun banda a unguwar Corko ta Akara, da taimakon Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake jera faifan raga a kansa hawa-hawa, yana cin itace kaɗan yana gasa kifi da yawa. Gidan da miji ke da jirgi, matarsa kuma ke da murhu, sun ci riba sau biyu a kan kifi ɗaya. Akwai ma mata da yawa waɗanda da kuɗin banda suka sayi jiragen kansu, ko da yake ba su taɓa shiga teku ba.

Ranar da aka komo hannu wofi

To, wanda ya tsaya a gada da hantsi bai ga jirgin da ya shigo da asuba shiru ba. A nan ne lissafi ke juyewa. Kafin jirgi ya tashi, sai an zuba mai, an sayi abincin mutum 20, masu zuwa nesa da ƙugiya kuma sai sun sayi ƙanƙara. In an komo babu kifi, ma'aikaci ya yi hasarar barcinsa ne kawai, ya tafi gida. Mai jirgi kuwa ya yi hasarar kuɗi, gobe kuma sai ya sake zuba waɗansu. In aka jera kwana 5 haka, abin da aka kama ran na 6 bashin baya ne zai cinye.

Ina zai sami kuɗin man? Galibi wurin manyan mata masu sayen kifi. Uwar kifi za ta ba shi kuɗin mai, bisa sharaɗin cewa duk abin da aka kamo ita za a sayar wa. Wannan taimako ne na gaske, ba mu ce zalunci ba ne, gama ita ma tana iya yin hasara. Amma mutumin da ake binsa bashi ba ya iya ɗaga murya wajen ciniki. Da haka sai ka ga sunan mutum ne a jikin jirgi, alhali kuwa kifin na wata ne tun yana cikin ruwa.

Man kansa wata damuwa ce. Tun cikin shekarun 1990 gwamnatin Gana ke sayar wa masunta fetur gauraye da baƙin mai a kan rangwame, suna kiransa firimis. Sai dai ba kullum yake zuwa a kan kari ba, waɗansu kuma sukan karkatar da shi su sayar a wani wuri. In ya yanke, ko dai jirgi ya kwanta a kan yashi, ko a sayi fetur a gidan mai da tsada.

Kwanakin aiki ma ba su kai yadda baƙo ke zato ba. Babban kamu yana zuwa ne daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku ɗauke da abincin kifi, sai ƙananan kifayen nan dangin sadin na gwangwani, waɗanda a kasuwa ake kira amane, su taso su matso kusa da gaɓa. Akwai wani ɗan ƙaramin lokaci kuma wajen Disamba da Janairu. Sauran watanni lallaɓawa ake yi. Ran Talata kuwa, a yawancin garuruwan gaɓa al'ada ta hana shiga teku, ranar ɗinkin taru ce. Wata 3 ke nan za su ciyar da wata 12.

Gishiri kuma ba ya hutu. Yana cin inji, yana cin ƙusa, igiyar ruwa tana buga jirgi a kan dutse. Babban jirgin ƙarfe yana iya bi ta kan taru da dare ya yayyaga shi ya wuce, ba a ma ga lambarsa ba. Yawancin masu jiragen nan ba su da inshora. Mai motar haya in ta lalace yakan sayar da ƙarfen, amma tarun da ya tafi ƙarƙashin teku ya tafi ke nan.

Akwai kuma abin da ba a lissafa shi da kuɗi. Mutum 20 da suka shiga jirginka 'ya'yan mutane ne, da yawansu babu rigar kariya daga nutsewa. In hadari ya taso jirgi ya kife, ƙofar gidanka matansu za su zo. Haka kuma jaraba ce babba ga mai jirgi ya cire ɗansa daga makaranta don ya rage biyan ɗan kwasar ruwa. Yaron da ya saba da kuɗin bakin ruwa yana ɗan shekara 12, da wuya ya sake zama a aji.

Wanda ba ya shiga ruwa da kansa yana da ƙarin wata wahala, wato amana. Shugaban jirgi, wanda suke kira bosun, shi ya san abin da aka kama. In ya ga dama ya sauke rabin kifin a wani gari kafin ya iso gida, wa zai faɗa maka? Shi ya sa masu jirgi na asali sukan sa ɗa ko ƙane a ciki. Ɗan zango wanda bai ji Fante sosai ba, bai kuma san teku ba, da me zai kama ɓarawonsa?

Kifin ne ya ragu

Duk waɗannan wahaloli kakannin masuntan yau sun san su, sun kuwa yi arziki duk da haka. Abin da ya sake shi ne tekun. Amanen da aka kama a Gana a 1996 ya haura tan 130,000, amma a 2016 bai kai tan 30,000 ba. Jiragen su kuwa ba su ragu ba, ƙidaya ta nuna sun kai wajen 12,000 a gaɓar da tsawonta bai wuce kilomita 550 ba. Hannuwa sun yi yawa, tuwo ya ƙanƙance.

Laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Manyan jiragen ƙarfe masu jan taru a ƙasan teku sun shekara da shekaru suna kama ƙananan kifayen da ba su aka ba su izinin kamawa ba, su daskarar da su, su sayar wa waɗansu kwale-kwale a tsakiyar teku. Wannan ciniki na haram shi ake kira saiko. Wata ƙungiyar Ingila mai suna Environmental Justice Foundation ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kifin saiko ya kai wajen tan 100,000. A 2021 Tarayyar Turai ta yi wa Gana gargaɗi a kan su na haram, daga nan gwamnati ta matsa wa masu saiko. Amma masu ƙananan jirage su ma ba su da tsarki. Da kifi ya yi wuya, waɗansu suka shiga kunna fitila mai ƙarfi da dare don su jawo shi, waɗansu suna amfani da taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin ko 'ya'ya, har da masu jefa nakiya da guba. Doka ta hana duka. Sabon mai jirgi wanda bashi ya shaƙe wa wuya, ran da bosun ya ce masa kowa fitila yake kunnawa, sai mu kaɗai, me zai amsa? Gara mutum ya san amsarsa tun bai sayi jirgin ba.

Gwamnati ta gwada rufe teku don kifi ya hayayyafa. A 2018 ta yi shela, masunta suka ƙi, aka fasa. A 2019 aka rufe wa ƙananan jirage daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, daga 2021 zuwa 2024 kuma ana rufewa cikin watan Yuli. A 2025 sabuwar gwamnati ta ɗauke wa ƙananan jirage wannan hani, ta bar shi a kan manya. A shekarar ce kuma aka yi sabuwar dokar su, wadda ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 zuwa mil 12 daga gaɓa. Wannan labari ne mai daɗi, amma kifi ba ya komowa a shekara guda. Mai lissafi kuma ya lura, cikin 'yan shekaru kaɗan doka ta juya sau da yawa, bashin da ya ci kuwa ba ya juyawa.

Wa ya kamata ya saya?

Ga ra'ayinmu. Mutumin da aka haifa cikin su, yana shiga ruwa da kansa ko yana da ɗa a jirgi, matarsa tana banda, yana kuma da abin da zai riƙe gida wata 6 ko ba a kama kome ba, wannan jirgi zai iya riƙe shi. Amma wanda zai ci bashi da ruwa, ko ya sayar da fili, ko ya kwashe kuɗin sallamarsa daga aiki ya saya, ya zauna a gida yana jiran bosun ya kawo masa lissafi, muna jin tsoron kallon kitse yake yi wa rogo.

In zuciya ta nace, to a fara da kaɗan. Mutum yana iya haɗa gwiwa da masunci wanda ya sani shekara da shekaru, shi ya sayi inji kawai, a rubuta kason injin a takarda gaban sarkin masunta da shaidu. Ya yi shekara guda yana rubuta kowace fita, abin da aka kashe da abin da aka samu, har da ranakun da aka komo wofi. Kafin kuma a ba masassaƙi ko sisi, a je ofishin hukumar su a ji halin da ake ciki game da rajista, gama daga 1 ga Oktoba 2023 gwamnati ta dakatar da karɓar sababbin jirage na tsawon shekara 3. Mai gida kuma kada ya yanke shawarar nan shi kaɗai, ya zauna da uwargida, tun da yake ita za ta san yadda za a yi da tukunya cikin watan Afrilu.

Ga 'yan'uwanmu na zango kuwa, akwai wata ƙofa wadda ta fi kusa da abin da muka gāda. Kifin da aka banda a Elmina da Corko sai an ɗauke shi zuwa Kumasi da Teciman da Tamale da Bolgatanga kafin ya shiga tukunyar masu ci. Wannan fatauci ne, jarinsa bai kai kuɗin taru guda ba, kwandon banda kuwa yakan yi makonni bai lalace ba.