Shagamu, Ife, Owerri ko Auchi: Abin da ɗan ci-ranin Kademi ke aunawa kafin ya zaɓi garin zama a Kudu

Da zarar an gama yankan gero da dawa, an kai amfani rumbu, hirar majalisun matasa a Kademi da sauran garuruwan Gaya da Ajingi takan koma kan tambaya guda: bana ina za a nufa? A shekarun baya amsar ba ta da wuya. Wanda ya ce zai tafi Kurmi, Ikko yake nufi, ko Badun, ko Fatakwal. Yanzu lissafin ya sauya, kuma matsakaitan birane irin su Shagamu, Abekuta, Ile-Ife, Oshogbo, Akure, Auchi, Asaba da Owerri sun shiga cikin jerin da ake tattaunawa.

Dalilin sauyin ba ɓoyayye ba ne. Gwamnatin Kano ta haramta acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, lamarin da ya tura dubban matasa neman inda za su ci gaba da sana'ar. Da yawa sun gangara Legas. Can ma gwamnati ta taƙaita acaɓa a Fabrairun 2020, sannan ta haramta ta ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba, tana kama babura tana murƙushe su a bainar jama'a. Ga tsadar haya, ga cunkoso. Wanda babur ne kaɗai jarinsa, dole ya waiwayi garin da ke gaba.

Sai dai zaɓen gari a Kudu ba kamar zaɓen rumfa a kasuwa ba ne. Arhar ɗaki da yawan ciniki su ne abin da aka fi ambata a hira, amma su ne mafi ƙanƙanta a ma'auni. Abin da ke raba garin da mutum zai zauna shekara goma da wanda zai baro da rigar jikinsa kaɗai shi ne: wa zai tsaya masa ranar da rigima ta tashi?

Zango kafin gari

Bahaushe ba ya sauka a gari, a zango yake sauka. Unguwar Sabo ta Badun an kafa ta ne a 1916, 'yan shekaru bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano, kuma a kanta ne masanin zamantakewa Abner Cohen ya yi fitaccen nazarinsa da ya fito a 1969. Abin da ya gano shi ne fataucin shanu zuwa Kudu da na goro zuwa Arewa ba kan kuɗi hannu ya ginu ba, kan amana ya ginu. Maigida a Sabo shi ne mai masauki, shi ne mai ajiya, shi ke haɗa baƙo da dillali, shi kuma ke lamunin bashi idan mahauci ya karɓi sa bai biya ba. Sama da masu gida akwai Sarkin Hausawa, wanda ke magana da sarkin gari da hukuma a madadin kowa.

Wannan tsari bai mutu ba, ya dai raunana. Har yau saurayin da ya taso daga Kademi, ya biyo ta Wudil, ya hau tirelar shanu ko ta kayan gwari, lambar wayar wani ɗan garinsu ce a aljihunsa. Shi zai ba shi wurin shimfiɗa tabarma, ya nuna masa inda ake dako ko gadi, ya gabatar da shi ga mai ba da babur haya. Saboda haka akasarin matasa ba su ne ke zaɓen gari ba, wanda ya riga su tafiya ne ya zaɓa musu. Wannan yana da amfani, yana kuma da illa, domin ƙauye guda kan tattara ƙarfinsa duka a gari ɗaya, ranar da garin ya kama da wuta kuma babu gidan da ba za a yi zaman jimami ba.

Ƙasar Yarbawa: tsohuwar zumunta mai tabo

Ta fuskar daɗewar zango, babu yankin da ya kai Kudu maso Yamma. Shagamu, a jihar Ogun, ta yi suna da kasuwar goro, kuma akwai iyalan Hausawa a Sabon garin da kakanninsu ma a can aka haife su, suna jin Yarbanci kamar 'yan gari. Garin yana mahaɗar hanyar Legas zuwa Badun da wadda ta nufi Benin, ga masana'antar siminti, ga manyan motoci dare da rana, don haka mai shayi da mai tireda da ɗan dako ba sa rasa na abinci. A Oshogbo, Iwo da Ede na jihar Osun kuwa, Musulmi suna da yawa ƙwarai. Baƙo zai ji kiran salla daga ko'ina, zai sami makabarta ba tare da roƙo ba, azumi kuma ba zai zame masa abin bayani ga maƙwabci ba. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga wanda ke tunanin ɗauko iyali.

Amma tarihin yankin yana da tabo, kuma a cikin tsofaffin zangunan aka yi shi. A watan Yulin 1999, rikici ya ɓarke a Shagamu lokacin bikin Oro, wanda al'ada ta hana mata fita a cikinsa, bayan kashe wata mata Bahaushiya da aka zarga da karya dokar. An rasa rayuka da dama, kuma da gawarwaki da 'yan gudun hijira suka iso Kano, aka yi ramuwa kan Yarbawan da ba su ji ba su gani ba. A watan Maris na 2017 aka yi irinsa a Sabon Ile-Ife, inda 'yan sanda suka ce mutum 46 ne suka mutu. A Fabrairun 2021, saɓani tsakanin ɗan dako da wata 'yar kasuwa ya zama sanadin ƙone kasuwar Shasha ta Badun, har gwamnonin Arewa, ciki har da na Kano a lokacin, Abdullahi Ganduje, suka je jaje, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi kuma ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki.

Abin lura a nan, Ife da Shasha duk daga cacar baki tsakanin mutum biyu aka fara. Ba girman gari ko yawan Musulminsa ne ya hana ko ya jawo ba. Abin da ya yi tasiri shi ne saurin da shugabannin ɓangarorin biyu da jami'an tsaro suka yi, ko suka kasa yi, a sa'o'in farko. Shi ya sa tsofaffin 'yan ci-rani kan fara tambayar ko Sarkin Hausawan gari yana da kunnen basaraken garin da na baturen 'yan sanda, kafin su tambayi kuɗin ɗaki. A garin da mutum biyu ko uku ke ikirarin sarautar, kowa da ɗan siyasar da ya ɗaure masa gindi, baƙo ba shi da rumfa.

Gabas: riba da ranar Litinin

A ƙasar Ibo lissafin daban ne. Owerri tana da unguwar Ama Hausa, kuma masu canji, masu sayar da albasa da wake da 'yan tsire sun san cewa a nan kaya na da daraja, domin mai kawo shi kaɗan ne. Sai dai tun watan Agustan 2021 da ƙungiyar IPOB ta kira zaman gida na ranar Litinin, wanda 'yan bindiga suka ci gaba da tilastawa ko bayan ƙungiyar ta ce ta janye, mai neman na yau da gobe ya yi asarar yini guda cikin kowane mako. Abin ya yi sauƙi a wasu manyan garuruwa, amma tsoron bai gushe ba. A Owerri aka harbe Ahmed Gulak, tsohon mai bai wa Shugaba Jonathan shawara, a watan Mayun 2021. Idan mutum mai wannan matsayi bai tsira ba, mai tura baro ya san matsayinsa.

Ga kuma darasin Lokpanta, babbar kasuwar shanu da ke kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal a jihar Abiya. A 2023 Gwamna Alex Otti ya ce kewayen kasuwar ya zama maɓoyar masu garkuwa da mutane, ya kuma ba da umarnin ta koma kasuwar yini, ba wurin kwana ba. Ko mene ne gaskiyar zargin, mutanen da suka shafe shekaru a wurin sun wayi gari sun gane cewa ƙasar da suka gina rumfuna a kanta aro ce.

Dokar jiha da hanyar gida

Abu na biyu da ake aunawa shi ne ko sana'ar mutum halal ce a idon gwamnatin jihar. Edo ta hana acaɓa a cikin Benin tun 2013, Anambra ta hana a Awka da Anaca a 2018, Delta kuma ta haɗa acaɓa da sana'ar gwangwan ta hana a Asaba a 2024. Irin wannan doka takan zo da wa'adin kwanaki kaɗan, kuma wanda ya ci bashin babur ba a yafe masa don gwamna ya yi sanarwa. A akasarin jihohin Yarbawa kuma akwai rundunar Amotekun tun 2020, wadda ta sha tare motocin da suka ɗauko matasa daga Arewa, musamman a Ondo, tana tambayar inda za su da wanda ya san su.

Na uku, hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta kai dubu, zuwa gida sau biyu a shekara ya zama abin da sai an yi tanadi. Wannan ne ya ɗaga darajar garuruwan bakin iyaka irin su Ogbomosho a kan hanyar Ilori, da Auchi a arewacin Edo, garin da Musulmi ke da rinjaye kuma yake kusa da Okene da Lokoja. Amma ba nisa kaɗai ake dubawa ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, 'yan banga da gungun jama'a suka tare wata mota a Uromi, jihar Edo, suka kashe mafarauta 16 da ke dawowa daga Fatakwal domin yin ƙaramar salla a gida, bisa zargin cewa masu garkuwa ne. Akasarinsu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Ba a Uromi suke zaune ba, wucewa kawai suke yi. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya, amma abin da iyaye a gabashin Kano suka riƙe shi ne cewa zaɓen gari ya haɗa da zaɓen duk garuruwan da za a ratsa kafin a kai shi.

Ɗan ƙasa a takarda, baƙo a aikace

Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar shakka ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zirga-zirga da zama a ko'ina, na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali, na 43 ya ba shi damar mallakar fili a kowace jiha. Sashe na 15 ma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cikakken 'yancin zama ga kowa, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. A aikace, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ce ke mulki. Yaron da aka haifa a Sabon Shagamu, idan ya zo neman gurbin aikin gwamnati ko rangwamen kuɗin jami'ar jiha, sai a ce ya koma Gaya ya karɓo takarda, garin da wataƙila sau biyu ya taɓa gani. Jihohin Arewa ma haka suke yi wa 'ya'yan Ibo da Yarbawa da aka haifa a Sabon Garin Kano, don haka babu mai bakin zargin wani.

Akwai ƙofa guda da doka ta bari a buɗe, ita ce ƙuri'a. Asali ba sharaɗi ba ne kafin a yi wa mutum rajistar zaɓe, kuma hukumar INEC tana ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC, da ƙuri'un mutanen garin. Yau kuwa akasarin 'yan ci-rani suna riƙe da katin mazaɓarsu ta gida. Babban zaɓe yakan faɗo a tsakiyar rani, kamar na 2023 da aka yi ranar 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris, sai zanguna su yi fayau, wasu sun tafi kaɗa ƙuri'a, wasu sun gudu ne don fargabar abin da zai biyo bayan sakamako. Saurayin da ke kwana wata takwas a Akure ya zaɓi kansilan Kademi, wanda ba shi da ta cewa kan kasuwar da yake dako, shugaban ƙaramar hukumar da zai iya rushe rumfarsa kuwa ya san sarai cewa babu ƙuri'arsa ko ɗaya a cikin akwatin da ya kawo shi.