BABI NA UKU: NAZARIN JIGO DA SALON BAN DARIYA A FIM ƊIN OFFICE CHRISTMAS PARTY

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin nazarin fim ɗin Office Christmas Party, wanda aka fara nunawa a gidajen silima na Amurka ranar 9 ga Disamba, 2016. Za a dubi tarihin fim ɗin a taƙaice, da jigonsa, da warwarar jigon, sannan a duba dabarun da aka bi wajen sa 'yan kallo dariya. Manufar ita ce a gano ko batsar da ta cika fim ɗin tana ɗauke da wani saƙo, ko kuwa an zuba ta ne don neman kasuwa kawai.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Fim Ɗin

Mutum biyu ne suka ba da umarni a wannan fim, wato Josh Gordon da Will Speck, waɗanda suka taɓa yin aiki tare a Blades of Glory na 2007 da The Switch na 2010. Daga cikin waɗanda suka ƙago labarin akwai Jon Lucas da Scott Moore, marubutan The Hangover na 2009, kuma hannunsu ya fito sarai a nan, domin duka labaran biyu an gina su ne a kan daren shagali guda da ya fi ƙarfin masu shi. Kamfanin Paramount ne ya rarraba fim ɗin. An kashe kimanin dala miliyan 45 wajen shirya shi, ya kuma samo fiye da dala miliyan 110 a duniya baki ɗaya, duk da cewa yawancin masu sharhi ba su yaba masa sosai ba.

Ƙungiyar da ke tantance finafinai a Amurka ta sanya shi a rukunin R, wato wanda bai kai shekara 17 ba, ba ya shiga kallo sai tare da mahaifi ko wani babba mai kula da shi. Wannan tsari na rukuni-rukuni ya fara aiki ne a 1968, bayan an yi watsi da tsohuwar dokar Hays wadda ta hana nuna tsiraici da maganganun batsa. Ke nan wannan sauyi shi ne ya buɗe ƙofa ga irin waɗannan finafinai, kamar Animal House na 1978 da waɗanda suka biyo bayansa.

3.2 Jigo

Babban jigon wannan fim shi ne tsoron rasa aiki. Duk da kaɗe-kaɗe da shaye-shayen da suka mamaye shi, abin da ya tayar da labarin shi ne barazanar kora. Akwai kuma ƙananan jigogi, kamar gaba tsakanin 'yan'uwa a kan gado, da soyayya tsakanin abokan aiki, da kuma tambayar ko shugaba ya kamata ya zama mai tausayi ko mai tsanani.

3.3 Warwarar Jigo

Labarin ya faru ne a reshen birnin Cikago na wani ƙagaggen kamfanin fasaha mai suna Zenotek. Manajan reshen, Clay Vanstone, wanda T.J. Miller ya fito a matsayinsa, mutum ne mai son ma'aikatansa, amma bai iya riƙon kuɗi ba. 'Yar'uwarsa Carol, wato Jennifer Aniston, ita ce ke riƙon ƙwaryar shugabancin kamfanin bayan rasuwar mahaifinsu. Ta zo ta sanar da cewa za ta sallami kashi 40 cikin ɗari na ma'aikata, ta soke garaɓasar ƙarshen shekara, ta kuma hana walimar Kirsimeti. Hanya ɗaya da ta rage ita ce su samo kwangilar dala miliyan 14 daga hannun wani mai suna Walter Davis.

Da Walter ya nuna musu cewa ba ya son hulɗa da kamfanin da bai damu da mutanensa ba, sai Clay da Josh Parker, shugaban sashen fasaha, wanda Jason Bateman ya fito a matsayinsa, da abokiyar aikinsa Tracey Hughes, wato Olivia Munn, suka yanke shawarar shirya gagarumar walima don su burge shi. A cikin walimar ne hodar iblis ta shiga injin fesa ƙanƙarar ƙarya bisa kuskure, Walter ya shaƙa, ya fita hayyacinsa, ya faɗo daga sama ya ji mummunan rauni. Daga nan aka gano cewa shi ma an riga an kore shi daga aikinsa, saboda haka babu wata kwangila a hannunsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Wannan shi ne wurin da jigon ya fi fitowa fili, domin wanda ake wa kallon mai ceto shi kansa abin ceto ne.

3.4 Dabarun Ban Dariya

Idan aka yi nazari za a ga dabaru uku. Ta farko ita ce juyin matsayi. Ofis wuri ne na ladabi da bin doka, amma a daren walima sai a wayi gari babba ya zama ƙarami, mai kunya ya zama marar kunya. Misali shi ne Mary, jami'ar kula da ma'aikata, wadda Kate McKinnon ta fito a matsayinta. Ita ce mai tsawatarwa a kan sutura da kalamai, amma daga baya ta shiga rawa da shagali kamar kowa. Wannan al'ada ta daɗe a Turai, domin a bikin Saturnaliya na Rumawa, wanda ake yi a watan Disamba, bayi kan samu 'yancin yi wa iyayengijinsu magana son ransu, har a zauna cin abinci tare.

Dabara ta biyu ita ce ƙara gishiri mataki-mataki. Walimar ta fara a sanyaye, kowa yana ɗari-ɗari, sannan ta yi ta ƙamari har aka kai ga fasa kayan ofis. Ta uku ita ce batsa, wadda ta haɗa da tsiraici da zage-zage da labarin Nate, ma'aikacin da ya yi hayar karuwa don ya nuna wa na ƙasa da shi cewa yana da budurwa. A nan batsar ta yi aiki, domin ta tona ƙaryar da mutum ke yi don kare mutuncinsa a wurin aiki. A wasu wuraren kuwa an cusa ta ne kawai, ta yadda ko an cire ta labarin ba zai rasa kome ba.

3.5 Raunin Zubi

Babban raunin fim ɗin yana ƙarshensa. Haɗarin mota ya katse intanet a birnin Cikago, sai Tracey ta yi amfani da wata fasaha da ta daɗe tana ƙirƙira, mai aika intanet ta wayoyin lantarki, ta maido da shi, reshen ya tsira, Clay da Carol suka sasanta. Wato sa'a ce ta warware matsalar, ba wani sauyi a tsarin kamfanin ba. Idan aka kwatanta da The Apartment na Billy Wilder na 1960, wanda shi ma yake da walimar Kirsimeti a ofis, za a ga cewa tauraron can ya ajiye aikinsa ne don ya tsira da mutuncinsa. A nan kuwa babu wanda ya biya wani farashi mai tsada.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa fim ɗin ya taɓo damuwa ta gaskiya, wato halin ma'aikacin da abincinsa ke hannun masu lissafin riba, amma ya lulluɓe ta da shagali, ya kuma kauce wa amsa ta. Batsarsa wani lokaci tana hidima ga jigo, wani lokaci kuma ado ce ta jawo 'yan kallo. A babi na gaba za a dubi taurarin fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, da irin harshen da aka sa a bakin kowannensu.