Ruwan gishiri ko ruwan damina: wanne ya fi tona asirin kwano?

Kwanon rufi da ƙusa da wayar shinge da ke shigowa garin Kurni, ko ta Matameye ko ta iyakar Ɗan Barto daga kasuwannin Kano, duk ƙyalli ɗaya suke yi a hannun mai shago. Ƙyallin nan tutiya ce aka lulluɓe ƙarfe da ita, dabarar da Stanislas Sorel ya yi wa rajista a Faransa a 1837. Tutiyar ce ke cinyewa a madadin ƙarfen, ko da an karce shi. Matsalar ita ce kaurinta: wanda aka tsoma a narkakkiyar tutiya yakan samu riga mai kauri, wanda aka shafa da lantarki kuwa sau da yawa bai wuce maikiron 10 ba. Ido ba ya auna kaurin.

Hanya biyu maƙeri ko magini ke da su a gida don gwada kaurin tutiyar. Ta farko ruwan gishiri: giram 50 a lita ɗaya, ma'aunin da gwajin ASTM B117 na Amurka ke aiki da shi a kan zafin digiri 35. A wanke guntayen kayan da za a gwada da sabulu tukuna, don man da ake shafa musu a masana'anta yana ɓoye aibi. A jingine su a inuwa, a riƙa fesawa safe da yamma. Farin gari zai fara fitowa, kada ya tsorata kowa, tutiya ce ke aikinta. Jar tsatsa ita ce shaida, wanda ya riga nuna ta shi ne mai siririyar riga.

Sai dai gishiri yana da ƙarya. Kurni ba bakin teku ba ce. A sararin Allah tutiya kan jiƙe ta bushe, ta yi wa kanta wata fata mai toka-toka da ke rage cinyewarta, gishiri kuwa ba ya barin fatar nan ta kafu. Saboda haka duk wanda ya ce maka kwana kaza a gishiri daidai yake da shekara kaza a kan rufi, ka saurare shi da kunne ɗaya.

Hanya ta biyu, a rataye guntayen a waje daga Yuni zuwa Satumba. Gaskiyarta ta fi, amma damina ɗaya a ƙasa mai bushewa ba ta fallasa sai mafi lalacewa, kuma wa zai bar ɗaki a buɗe yana jiran sakamako? Amfaninta ya fi fitowa in an ajiye su inda ƙarfe ke shan wuya da gaske: gindin shingen garka, kusa da taki, ko turken dabbobi.

Ni dai gishiri na zaɓa wa mai saye, da sharaɗi: ƙusa da ƙusa, kwano da kwano, rana ɗaya, ruwa ɗaya. Kafin ka biya kuɗin bandir, nemi guntu daga shago biyu.