Yadda za a mayar da tsohuwar rumfa ɗakin aikin hannu

A Takanamat, kamar sauran garuruwan arewacin Adar, damina gajera ce. Ruwa yakan sauka daga Yuni zuwa Satumba. Da an kai hatsi rumbu, samari da yawa sai su tafi cin rani Abijan ko Najeriya ko Libiya. Wanda ya zauna gida kuwa, in ya iya dukanci, ko ɗinkin hula, ko saƙar tabarmar kaba, ko zanen ƙwarya, yana da abin da zai kai kasuwar Tawa. Abin da yakan rasa shi ne wurin aiki. Ga shi kuma a bayan gida akwai tsohuwar rumfa ko ɗakin da aka cika da tarkace.

Fara da shara. Ka yayyafa ruwa kafin ka sa tsintsiya, ka ɗaure hanci da baki da ƙyalle, domin ƙurar kashin ɓera da na jemage tana cutar da ƙirji. Kada ka tura hannu ƙarƙashin tulu ko buhu, ka ɗaga shi da sanda saboda kunama. Idan an taɓa ajiye maganin ƙwari a wurin, a kankare ƙasar daɓen a binne ta nesa da rijiya.

Sai maganar haske, wadda ita ce babba. Mai ɗinki a duhu yana matse ido, yana sunkuyawa, yamma ta yi masa da ciwon kai da na wuya. A huda taga a bangon arewa. Hasken wannan gefe ba ya da zafi, kuma ba ya sauyawa sosai daga safe zuwa la'asar, don haka launin zare da na fata suna fitowa yadda suke. A yi wata ƙaramar kafa a sama, a bangon kudu, don iska mai zafi ta fita. Kada ƙofa ta dubi gabas. Daga can hadari yake tasowa, kuma magina sun san bangon gabas ne yake fara zaizayewa. A ƙara masa yaɓe, a jera duwatsu a gindinsa. Dutse dai ba abin saye ba ne a Adar.

Rufin kwano yana da zafi a watan Afrilu da Mayu, sai a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa. In gara ta cinye itacen rufi, akwai magina da suke rufin ƙasa mai ƙubba ba tare da itace ba. An fara wannan gini a Nijar a Cikal, wajen Filinge, a 1980. Fatu da kaba kuwa a rataye su, kada su taɓa ƙasa.

Baduku ya kula da fatar da yake saye. Kada ya karɓi fatar dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ko da kyauta ce. Cutar saifa tana bin fata ta kama mutum, ta fito masa da gyambo mai baƙin tsakiya. Wanda ya ga irinsa ya tafi gidan likita ranar nan. Haka ma in basilla ta yi masa suka mai zurfi: ya wanke da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar rigakafin sandarewar jiki.

Bagaruwar jima da karan dafi ba su da haɗari kamar garin rini na kasuwa da sodar da ake haɗa shi da ita. Soda tana ƙona fata, tana makantarwa. A dama ta a waje, inda iska take kaɗawa. Kada a zuba ta a kwalbar lemo ko ƙwaryar sha. In ta fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, gama za ta sake ƙona maƙogwaro a hanyar fita. A garzaya da shi gidan likita tare da kwalbar. A sa wa ɗakin ƙyaure da kwaɗo, makullin kuma ya zauna a hannun babba.